Takin Zamani Da Ribar Masara

Ran nan a gonar kwaleji wani ɗalibi ya tambaye ni, wai in manomi ya ninka taki, masararsa za ta ninku? Na ce masa a'a. Tun da yake yawancinku ƙauyuka za ku tafi koyarwa, inda manoma za su tare ku da irin wannan tambaya, na ga ya kamata in bayyana dalili.

Babban abincin masara shi ne wani sinadari da a ke kira naitirojin. In ta rasa shi, sai ka ga ganyayen ƙasa sun soma yin rawaya daga tsini, karan ya tsumbure, goyon kuwa ɗan ƙanƙane. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Buhun kamfa, watau 15-15-15, kilo 7 da rabi kaɗai gare shi. Masanan aikin gona na Samaru ta Zariya sukan ba da shawarar kimanin kilo 120 ga hekta guda. In mutum ya sa kamfa buhu 8, ya sami kilo 60 ke nan. Sauran sai ya cike da yuriya buhu 2 da rabi da ɗan ɗoriya.

To, ga inda lissafi ya ke. Masara kamar mai jin yunwa ce: loma ta fari ta fi ta ƙarshe amfani. A misali, mu ɗauka kuɗin buhun yuriya daidai ya ke da na buhun masara. Buhun farko ya ƙaro maka masara buhu 4, ka ci riba. Na uku ya ƙaro buhu 2, har yanzu da sauran riba. Na shida kuwa rabin buhu ya ƙaro. Rumbu ya ƙaru, amma aljihu ya ragu, balle in bashi aka ciwo aka sayi takin. Saboda haka manomi mai hankali yakan tsaya daidai inda buhun taki ya daina biyan kuɗin kansa. In taki ya yi tsada ko masara ta faɗi, sai ya tsaya tun da wuri.

Sa'an nan yadda aka sa shi ma abin lura ne. A raba shi biyu: kamfa wajen mako 2 bayan shuka, yuriya wajen mako 5 ko 6. A yi noma tukuna don kada ciyawa ta cinye, a kuma binne shi, gama yuriyar da aka bari a sarari takan bi iska, ruwan sama kuma ya wanke.

Shawarata ita ce, kowane malami ya yanka fegi uku a gonar makarantarsa: ɗaya ba taki, ɗaya rabin awo, ɗaya cikakke. Da kaka yara su auna, su yi lissafin riba, su kai wa iyayensu labari.