Uwa ta ƙaura da yara: ana iya sauya kuɗin ciyarwa?

A Dioundiou da Karakara da Zabori, idan aure ya mutu, sau da yawa mace takan koma gidan iyayenta a Gaya ko Dosso, ko ta tsallaka iyaka zuwa Kamba ko Malanville, yara na tare da ita. Daga nan rigima ke tashi. Uba ya ce an raba shi da ƴaƴansa, ba zai ƙara ba da ko dala ba. Uwa kuma ta ce abin da aka yanke bai isa a sabon wuri.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Dokar tsarin kotuna ta 1 ga Yuni 2018 ta bar batun aure da saki ga al'adar masu shari'a, kuma alƙali yana zama da mashawarta masana al'ada. A wajen Musulmi, ana jingina da mazhabar Malikiyya.

A wannan mazhaba, ci da sha da sutura da maganin yaro suna wuyan uba, gwargwadon ƙarfinsa, ko ina yaron yake. Ƙaura ba ta sauke wannan nauyi. Abin da take iya taɓawa shi ne haƙƙin reno. Malamai sun ce idan uwa ta ƙaura don zama na dindindin, nisan ya kai baridi shida, wato sama da kilomita 100, uba na iya neman yaran. Tafiyar ziyara ko fatauci ba ta cikin wannan. Alƙali kuma yana duba maslahar yaro kafin komi.

Kuɗin da aka yanke suna iya ƙaruwa ko raguwa, amma ba mutum ɗaya ke sauya su da kansa ba. Idan an sasanta gaban sarki, a koma gabansa a rubuta sabuwar takardar sulhu. Idan hukuncin kotu ne, a kai buƙata kotu, tare da hujja: takardar haihuwar yara, resi na makaranta da asibiti, kuɗin haya, ko shaidar cewa samun uba ya ragu. Kafin sabon hukunci ya fito, tsohon na nan daram.

Matsala ta fi girma idan an ƙetare iyaka. Hukuncin Nijar ba ya aiki kai tsaye a Najeriya ko Benin, sai kotun can ta amince da shi. Don haka ya fi a daidaita kafin tafiya, a rubuce, gaban shaidu: nawa za a biya, da sefa ko da naira, wa zai ɗauki kuɗin aike, kuma yaushe yara za su zo hutu wurin ubansu.

Uba ya aje resin kowane aike. Wanda bai da halin ɗaukar lauya ya nemi hukumar ANAJJ, mai taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a.