Idan Na'ura Ta Ƙi Karɓar Mabuɗi: Bayani Ga Ma'aikata Da Sauran Jama'a

Kamar yadda aka sani, yawancin aikin ofis a yau ya koma kan na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ma'aikaci yana iya zama a Jega ko Maiyama ya shiga babbar na'urar ajiyar bayanai da ke Birnin Kebbi, ko ma wata ƙasa, ta hanyar intanet. Haka kuma masu koyon ilmin kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, za su haɗu da wannan aiki. Don haka muka ga ya dace mu yi bayanin wata matsala da ke yawan tsayar da shi.

Hanyar shiga da aka fi dogara da ita ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen na ƙasar Finland ya ƙirƙiro a 1995, bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu. A wannan tsari mutum yana da abu biyu, tamkar kwaɗo da mabuɗinsa. Kwaɗon shi ake kira mabuɗin fili, ana ajiye shi a babbar na'ura cikin fayil mai suna authorized_keys, a foldar .ssh. Mabuɗin sirri kuwa ba ya barin kwamfutar mai shi.

Wani lokaci sai na'ura ta amsa da Permission denied, wato ta hana shiga. Sau da yawa mabuɗin lafiyarsa ƙalau, iznin fayil ne ya yi sako-sako. Manomin albasa a Aliero da ya kulle ɗakin ajiyarsa, amma ya bar kowa yana iya cire kwaɗon ya sa nasa, ai bai kulle komai ba. Shi ya sa na'urar take ƙin amincewa da fayil ɗin da wani ban da mai shi zai iya canzawa.

Ana rubuta izni da lambobi uku: ta mai fayil, ta rukuninsa, da ta sauran mutane. Karantawa 4 ce, rubutawa 2, shiga 1, sai a haɗa su. Ga abin da muke ba da shawara a duba:

1. Foldar .ssh ta zama 700, fayil ɗin authorized_keys kuma 600. Da umarnin chmod ake gyarawa.
2. Mabuɗin sirri ma ya zama 600.
3. Babbar foldar mai asusun kada kowa ya iya rubutu a cikinta sai shi, kuma fayilolin su kasance da sunansa.
4. Mabuɗin fili ya zauna a layi ɗaya, ba tare da ya tsinke wajen kwafa ba.
5. Idan abin ya ci tura, a shiga da ssh -v don ganin inda aka tsaya, mai kula da na'urar kuma ya karanta rajistarta, wato /var/log/auth.log a tsarin Ubuntu.

Muna jan hankalin ma'aikata da kada gaggawa ta sa su sanya 777. Wannan lamba tana buɗe wa kowa ƙofa, kuma na'urar za ta ci gaba da ƙin mabuɗin. Kada a tura mabuɗin sirri ta WhatsApp ko imel. Mai gyara kuma kada ya rufe hanyar da ya riga ya shiga sai ya gwada sabuwa, don kada ya kulle kansa a waje.

A ƙarshe, muna kira ga shugabannin sassa da su riƙa sa a cire mabuɗin duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya. Bayanan albashi da na jama'a amana ce a hannunmu. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.