Cizon Kare Ba Ya Jiran Gobe

Jama'ar Gidan Amumune, ciwon haukan kare yana shiga jiki ta yawun dabbar da ta yi cizo. Idan alamunsa suka bayyana, kamar tsoron ruwa, babu magani, sai mutuwa. Amma allura tana tare shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa.

Idan kare ya ciji wani, mu wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15. Mu kai shi likita a ranar. In babu allurar a can, mu neme ta Mayahi, Tasawa ko Maradi. Mu cika alluran duka, ko da miki ya warke.

Yara sukan ɓoye cizo, mu riƙa tambayarsu. Karnukanmu kuma, mu kai su a yi masu rigakafi.