Rediyon Sha'awa da Labarin Yanayi

A shekarar 2012, da kuma ta 2022, kogin Kwara da na Binuwai sun yi ambaliya a yankin Lakwaja har ruwa ya datse hanyar motar da ta haɗa Abuja da kudancin ƙasa, matafiya suka yi kwana da kwanaki a bakin titi. A irin wannan hali abu biyu mai kai agaji yake bukatar sani: inda mutane suke, da yadda ruwa yake a wurin. Wayar hannu kuwa ta dogara ne ga dogon ƙarfen kamfani; in ya rasa wuta, magana ta yanke.

Akwai wata hanya da ba ta jingina da kamfani ba, watau rediyon sha'awa. Masu ita mutane ne da hukuma ta ba izinin mallakar tashar aika saƙo, ba don neman kuɗi ba. Kowace tasha tana da lambar kira. Ta Nijeriya takan fara da 5N, ta maƙwabciyarmu Nijar da 5U.

Wani injiniya na makarantar sojan ruwan Amurka, Bob Bruninga, wanda ya rasu a 2022, shi ya ƙago tsarin da ake kira APRS, tun daga shekarun 1980. Mai tasha yakan kafa ma'aunin ruwan sama da na zafi da na ƙarfin iska a gidansa, ya haɗa su da rediyo. Bayan 'yan mintoci na'urar da kanta sai ta saki wani ɗan ƙara mai tsawon kamar daƙiƙa guda. A kunne ƙara ce kawai, amma a cikinta akwai lambar tashar, da matsayinta a taswira, da inda iska ta fito, da yawan ruwan da ya zuba cikin sa'a ɗaya. Tashar da ke cikin mota takan samo matsayinta daga taurarin ɗan'adam na GPS, saboda haka ana iya bin tafiyarta. A Turai ana wannan aiki a kan mita 2, zangon megahaz 144.800.

Sai dai irin wannan zango ba ya tsallake dutse, ga Abuja kuwa garin duwatsu. Maganin abin shi ne a ɗora tashar maimaitawa a kan tudu, ta ji saƙo ta sake yaɗa shi. Ta haka ƙaramar rediyon hannu, irin wadda aka sani da oba-oba, za ta iya kai labari nesa.

Amfanin wannan a fili yake ga duk wanda ya san daminar birnin: a sheƙa ruwa a Lugbe, a Kubwa ko ɗigo babu. A Amurka ma'aikatar yanayi tana karɓar irin waɗannan rahotanni na 'yan ƙasa, tana tantance su. Amma a lura, ma'aunin da aka kafa a gindin bishiya ƙarya zai faɗa. Hasashe da gargaɗi aikin Hukumar Kula da Yanayi ne, NiMet, wadda hedkwatarta ke Abuja, agajin gaggawa kuma na NEMA.

Sauraro ba ya bukatar wata ƙwarewa, amma aika saƙo ba tare da lasisi ba laifi ne. Dokar rediyon sha'awa ta kuma hana talla da ɓoye ma'anar saƙo, don haka duk wanda ya kunna na'urar bayyana matsayi ya sani kowa na iya ganin inda yake.