Matsalolin Fitsari da Kan Kai Mutum Gaban Likita

Sanin kowa ne cewa maganar fitsari ba abu ne da Bahaushe yake son tattaunawa a bainar jama'a ba. Wannan kunya ita ce ke sa mutane da dama su yi ta jure wa ciwo na tsawon shekaru, sai abu ya ƙazanta sannan a ɗauko su zuwa asibiti. Likitan da ke duba irin waɗannan majinyata shi ne wanda ya ƙware a kan ƙoda da mafitsara da hanyoyin fitsari na maza da mata, da kuma al'aurar maza.

Babban abin da ya kamata a fara da shi a ƙasar Hausa shi ne fitsarin jini. A ƙauyukan da ke bakin rafi ko madatsun ruwa, akan ga yaro yana ɗigar da jini a ƙarshen fitsarinsa, har wasu iyaye su ɗauka alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Tsargiya ce, wato cutar da wata tsutsa ke haddasawa, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a birnin Alƙahira a shekarar 1851. Tsutsar tana girma a jikin dodon-koɗin ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai noman rani, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwayayen da take zubawa su ne ke yi wa bangon mafitsara rauni. Maganinta, wato praziquantel, yawanci sau ɗaya ake sha bisa nauyin jikin mutum, amma in aka bar cutar ta daɗe tana iya toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda, ko ta haifar da cutar daji a mafitsara. Shi kuwa dattijon da ya ga jini a fitsarinsa ba tare da wani zafi ba, ko da sau ɗaya ne, wajibi ne a bincika shi, domin da haka cutar dajin mafitsara kan fara bayyana.

Matsala ta biyu ta magidanta ce. A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan ƙullutun nama da likitoci ke kira furostet, nauyinsa bai wuce giram 20 ba, kuma ta tsakiyarsa bututun fitsari ya ratsa. Yayin da shekaru suka ja, musamman daga 50 zuwa sama, sai ya riƙa girma yana matse bututun. Mai karatu zai iya gane alamomin: tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, jinkiri kafin fitsarin ya fito, raguwar ƙarfinsa, da jin kamar da saura bayan an gama. Galibi wannan kumburi ba cutar daji ba ce, sai dai bincike ne kaɗai zai bambanta su, ta hanyar duba wurin da yatsa da gwajin jini na PSA. Wani lokaci fitsarin kan tsaya cak, mara ta kumbura, sai an sa roba kafin mutum ya sami sauƙi. A wajen samari kuwa, ciwon sanyin da ba a yi wa magani sosai ba yana barin tabo da ke ƙuntata bututun, ya jawo irin wannan wahala bayan shekaru.

Zafi ko raɗaɗi lokacin fitsari ya fi damun mata, saboda bututunsu gajere ne, ƙwayoyin cuta ba sa wuyar isa mafitsara.

Tsakuwar ƙoda kuma ciwonta ba ya ɓuya. Yakan taso farat ɗaya daga kwiɓi ya gangaro mara, sau da yawa tare da amai. Zafin rana da ƙarancin shan ruwa suna taimaka wa gishirin da ke cikin fitsari ya dunƙule. Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci takan fita da kanta. Manya kuwa sai an farfasa su ko an yi aiki.

Akwai wanda ba ya jiran wayewar gari. Idan yaro ko matashi ya ji ciwo mai tsanani kwatsam a marainansa, mai yiwuwa igiyar da ke kai musu jini ce ta murɗe. In ba a yi masa aiki cikin kimanin awa 6 ba, yana iya rasa ɗan marainan baki ɗaya.