Jagorar manhaja ba tare da data ba: darasin Xintang

Xintang gari ne a gundumar Zengcheng, gabas da tsakiyar birnin Guangzhou, kuma da wandon jins aka san shi. A 2010 ƙungiyar Greenpeace ta ce ana ɗinka wanduna sama da miliyan 260 a can duk shekara. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ta Kano da ya je can sari da kwamfutarsa, in manhajar lissafi ta cije masa, Google zai fara nema. To amma a ƙasar Sin an toshe Google tun 2014, Wikipedia kuma aka rufe ta a dukkan harsuna a 2019.

Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa amsar tana kwance cikin na'urar da ke gabansa. Al'adar haɗa manhaja da jagorarta ta daɗe. A Nuwamban 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie na Bell Labs a Amurka suka fitar da littafin jagorar Unix na farko, kuma har gobe mai Linux ko macOS zai rubuta man, ya bi da sunan umarni, bayani ya fito ko babu sabis.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka burauza ba ta motsi sai da data. Ba haka ba ne. Shafin da aka ajiye cikin kwamfuta tana buɗe shi kamar na intanet, ana latsa kalma a tsallaka wani babi. A Linux da dama man -H yana kai jagorar cikin burauza. Mai rubuta manhaja da Python yana da python -m pydoc -b, mai Git kuma git help -w. Wadda ta fi shafar ɗan kasuwa ita ce manhajar LibreOffice: tun fitowar 6.1 a 2018, taimakonta a burauza yake buɗewa, muddin an sauke kunshin taimakon tun farko. Manhajar Kiwix kuwa, wadda ta fito a 2007, tana ɗauke Wikipedia sukutum, har da ta Hausa.

Sai dai kwafin da aka ajiye yana tsufa, don haka a duba lambar fitowarsa ta yi daidai da ta manhajar. Galibin jagororin nan da Turanci suke, kuma wannan giɓi ne da ya kamata masananmu na Kano da Zariya su cike. Kafin nan, mai niyyar Xintang ya sauke nasa kwafin tun a gida, ya kashe data ya gwada buɗewa, sannan ya nufi filin jirgin Malam Aminu Kano.