Ferrari ta biliyan 10 da akori-kurar kasuwar Agye: Yadda takardu ke yanke darajar tsohuwar mota

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Agye da Gazawa kafin ta miƙe zuwa Damagaram, ya san tsofaffin motocin da ke cin kasuwannin ƙauye. Akori-kura ce ƙirar Toyota ko Peugeot, wadda aka fi sani da Fijo, gilashi ya tsage, an ɗaure ƙofa da igiya, ta sha lodin gero da wake da aya, ga fasinjoji a sama.

Idan aka tambayi direban shekarar da aka ƙera motar, ko mutum nawa suka mallake ta kafin ta zo hannunsa, sau da yawa amsar ba ta wuce sunan wanda ya sayar masa ba. Amma irin wannan tambaya ce ta sa aka sayar da wata tsohuwar motar Italiya, wadda ta shekara da shekaru a ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu, a kan kuɗin da ya haura sefa biliyan 10.

Motar da aka tono daga ƙarƙashin mujallu

A ƙarshen shekarar 2014 ne kamfanin gwanjo na Artcurial da ke birnin Paris ya sanar da cewa ma'aikatansa biyu, Matthieu Lamoure da Pierre Novikoff, sun gano tsofaffin motoci kusan 60 a wani gidan gona kusa da garin Niort a yammacin Faransa.

Motocin na wani attajiri ne mai harkar sufuri, Roger Baillon, wanda ya riƙa saye yana tarawa tun daga shekarun 1950 da burin buɗe gidan tarihi. Kasuwancinsa ya karye a shekarun 1970, aka sayar da wani kaso na motocin, sauran kuma aka bar su a rumfunan kwano suna shan ruwa da sanyi. Bayan rasuwarsa da ta ɗansa Jacques ne magada suka kira masu gwanjo.

Yawancin motocin tsatsa ta cinye su, ciyayi sun nannaɗe wasu. Sai dai a cikin wani gareji mai ƙofa an tarar da motoci biyu na Italiya gefe da gefe: Maserati A6G ta 1956, da Ferrari 250 GT California Spider ta 1961, wadda aka jibga wa mujallu a kai.

Ita wannan Ferrari tana cikin jinsin motocin da Italiyawa ke kira GT, wato motar doguwar tafiya cikin sauri da jin daɗi. Mai kujera biyu ce, ana buɗe rufinta, injinta mai silinda 12 ne da girman lita uku. Kamfanin Scaglietti na birnin Modena ne ya ƙera jikinta da hannu, kuma irinta mai gajeren shasi ba su kai 60 ba a duniya.

An yi kiyasin za ta yi Yuro miliyan 9.5 zuwa 12. Da aka buga gwanjo ranar 6 ga Fabrairun 2015 a Paris, sai ta tashi a kan Yuro miliyan 16.3, wato kimanin sefa biliyan 10 da miliyan 700.

Abin da masu saye suka biya

Motar ba ta sha sabon fenti ba, ba a sake mata kujeru ba, kuma ta daɗe ba ta hau titi ba. A idon masu tara irin waɗannan motoci, wannan ne ma ya ƙara mata daraja, domin babu wanda ya sa hannu ya sauya abin da kamfani ya ƙera. Lambar da ke jikin shasinta, 2935, ta dace da rajistar kamfanin, kuma injinta na asali ne.

Na biyu shi ne jerin waɗanda suka mallake ta. An baje kolinta a kasuwar nunin motoci ta Paris a 1961, jarumin fim Gérard Blain ya saye ta, daga baya ta koma hannun fitaccen jarumi Alain Delon. Akwai hotunansa a cikinta tare da jaruma Jane Fonda a 1964. Ta ratsa hannun wasu mutane kaɗan kafin ta shiga gidan Baillon a 1971, inda ta zauna sama da shekara 40.

Shi kansa Delon ya fito ya yi ƙorafin cewa an yi amfani da sunansa don a ɗaga farashi, alhali kimanin shekara biyu kacal motar ta yi a wurinsa. Ƙorafin nasa ya nuna yadda suna ɗaya a cikin takardun mota ke iya juyewa ya zama kuɗi. Saboda muhimmancin wannan lamari, kamfanin Ferrari yana da sashe na musamman, Ferrari Classiche, da ke binciken tsofaffin motocinsa yana ba da shaidar cewa inji da shasi da giya na asali ne.

Hannun Italiya a kan hanyar Gazawa

Babu mai tsammanin ganin Ferrari a tashar Agye ko ta Tibiri. Amma akwai zumunci tsakaninta da motocin da suka yi shekaru suna jigilar mutanen yankin. Kamfanin Pininfarina na birnin Turin, wanda ya zana yawancin motocin Ferrari na wancan zamani, shi ne ya zana siffar Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta biyo baya a 1968.

Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Daga can motoci da kayan gyara suka riƙa tsallakowa ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, su bazu cikin ƙauyuka. A Kano kuma an taɓa harhaɗa manyan motoci da taraktocin kamfanin Fiat na Italiya.

Bambancin shi ne yadda ake riƙon motar. A Turai mai tara motoci yana gudun a taɓa ko da ƙusa ɗaya. A garejin bakin hanya kuwa, burin makaniki shi ne motar ta tashi gobe da asuba ta kai kaya kasuwa. Idan inji ya buga a ɗora wani, idan giya ta ƙi a ciro ta wata motar da ta mutu, idan shasi ya tsage mai walda ya ɗinke. Wannan basira ce ta sa motocin da suka haura shekara 30 ke ci gaba da ciyar da iyalai. Ita ce kuma ke sa a wayi gari lambar injin da ke cikin mota ta saɓa da wadda ke rubuce a takarda.

Daga Kwatano zuwa bakin iyaka

Yawancin motocin da ke shigowa yankin a yau na hannu ne daga Turai da Amurka da Asiya. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo.

Maraɗi ta daɗe tana zama zango a wannan ciniki: a sauke mota a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da ita ta Gaya, wasu su tsaya a Nijar, wasu su wuce Katsina da Kano. Hanyar ta sha tangal-tangal. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada.

Duk lokacin da shigo da mota ya yi wuya, tsofaffin da ke gida su ne ke ƙara zagayawa daga hannu zuwa hannu. Nan ne matsalar takardu ke kunno kai. Ana yin ciniki a gaban dillali da shaidu, a biya la'ada, a miƙa makulli da takardar mallaka, wadda ake kira kart giris, amma ba a je an sauya suna ba saboda gudun kashe kuɗi. Mota sai ta ratsa hannu huɗu ko biyar tana ɗauke da sunan mutumin farko, wanda wataƙila ya bar gari ko ya rasu.

Ranar da jandarma ko jami'an duwan suka tare ta, ko ta yi haɗari, ko aka zo rabon gado, mai ita na yanzu ne zai rasa hujjar da zai kare kansa. Abin ya fi muni a yankin da ke daf da iyaka, inda motar da aka sace a wata ƙasa ke iya tsallakowa da sabuwar lamba. Hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol tana da rumbun bayanan motocin sata da ƙasashe ke dubawa, kuma idan lamba ta fito a ciki, wanda ya saya da gumin gonarsa yana iya rasa mota da kuɗi gaba ɗaya.

Abin dubawa kafin a biya

Matakan da masu gwanjon Paris suka bi ba su fi ƙarfin mai sayen akori-kura ba. Tun daga 1981 yawancin motoci na ɗauke da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake bugawa a jikin shasi, ake kuma samu a ƙasan gilashin gaba ko a ginshiƙin ƙofar direba. Ya kamata ta zama iri ɗaya a ko'ina, ta kuma dace da ta takarda. Alamar goga ko walda ko sabon fenti a daidai wurin lambar dalili ne na a dakata.

Haka nan a nemi takardar biyan kuɗin duwan, a tabbatar sunan da ke kan kart giris na mai sayarwa ne, ko kuma akwai takardun cinikin da suka haɗa shi da mai sunan. Idan an taɓa sauya inji, a nemi rasiɗin sayensa. Sannan a je da makaniki na amana ya leƙa ƙarƙashin motar, don fenti mai ƙyalli yana iya rufe shasin da ya taɓa karyewa. Bayan ciniki, a rubuta yarjejeniya da sa hannun shaidu, a kuma sauya suna ba tare da jinkiri ba. Wanda ya tsallake waɗannan ya yi cinikin biri a sama.

Iyalan Baillon sun bar motarsu cikin ƙura shekaru masu yawa, amma lambobinta da sunayen masu ita ba su ɓata ba, kuma su ne jikoki suka ci moriyarsu. Manomin Gazawa da ya sayar da ayar shekara biyu ya sayi motar haya ba ya neman biliyan, abin da yake nema shi ne ranar da aka tare shi a shingen bincike, ko ya tashi sayarwa, takardar da ke aljihunsa ta tsaya masa.